Masu sintiri sun kama ɗana mai larurar otizim, mahaifinsa ya ce a rufe shi ɗaki

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce, ina zaune nan Damagaram. Ɗana na uku shekararsa 19, tun yana ɗan shekara bakwai likita ya ce mana larurar otizim gare shi. Yana magana amma kaɗan, yawanci abin da aka faɗa masa yake maimaitawa. Ba ya kallon mutum cikin ido, in ya tsorata kuma sai ya yi ta kaɗa hannuwa yana dariya. Kullum bayan la'asar yakan je bakin tasha ya zauna kallon manyan motoci, ya dawo kafin isha'i. Makon jiya aka toshe hanyar da ya saba bi saboda biki, shi kuma ya tsaya nan yana jiran a buɗe har dare ya yi nisa. Masu sintiri suka tarar da shi, suka tambaye shi kati, ya mayar musu da tambayarsu. Da ɗayansu ya riƙe masa hannu sai ya fizge ya ruga. Suka kama shi, ya kwana a hannunsu, mu kuma muka kwana yawon nemansa. Da safe mai unguwa ya raka mu aka sake shi. Sun ce sun zaci ɗan ƙwaya ne. Ya dawo da kumburi a fuska da ƙujewa a gwiwa. Yanzu ba ya barci, in ya hango kaki sai ya ɓuya. Mahaifinsa ya ce daga yau a rufe shi ɗaki, kuma ba ya son maganar ta fita don akwai ƙannensa mata da ba su yi aure ba. Wansa kuma ya rantse sai ya saka hoton fuskar a Facebook. Ni dai na rasa inda zan sa kaina. Ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Sannu da wannan dare da kuka kwana kuna bin lungu-lungu. Allah ya ba yaron lafiya, ya kwantar muku da hankali.

Kada a rufe shi. Da wannan zan fara, tunda shi ne abin da ake shirin yi a gidanku yau ko gobe. Na san Malam tsoro ne ya sa shi faɗin haka, kuma duk uban da ya kwana neman ɗansa zai iya faɗin abin da ya fi wannan. Amma saurayi ɗan shekara 19 da ya saba fita kullum a kan lokaci ɗaya, wanda kallon motocin nan shi ne abin da ke saisaita masa rana, in aka sa masa kwaɗo a ƙofa ba zama zai yi ya haƙura ba. Zai yi ta dukan ƙofa, ya ciji hannunsa, barcin da ya rage masa ya ƙarasa gudu. Wata rana kuma zai fita, ko ta ƙofa ko ta katanga, a firgice, ba wanda ya san inda ya nufa. Gidaje da yawa da rufe ɗaki suka fara, suka ƙare da mari a ƙafa.

Bari in ɗan tsaya a kan abin da ya faru daren, ta idon wanda ya haska masa fitila. Ba wanke kowa nake yi ba, kumburin fuska ba ya da uzuri, kuma zan zo kansa. So nake ki ga inda aka yi saɓani, don a nan gyaran yake. Ma'aikaci yana sintiri cikin garin da kowa ya san labarin ƴan fale, wato gungun samari ƴan daba, da masu shan tiramol. Ya tarar da ƙaton saurayi shi kaɗai cikin dare. Ya ce, "Ina katinka?" Saurayi ya ce, "Ina katinka?" A kunnensa wannan raini ne. Ya haska masa fuska, saurayi ya kawar da kai: marar gaskiya. Ya daka masa tsawa, saurayi ya fara kaɗa hannu yana dariya: ya sha ya bugu. Ya riƙe shi, ya fizge ya gudu: to, magana ta ƙare. Duk alamar da aikinsa ya koya masa cewa ta mai laifi ce, ɗanki ya nuna ta cikin minti ɗaya, alhali kowace ɗaya larurarsa ce ke fitar da ita. Maimaita magana hanyarsa ce ta riƙe abin da aka faɗa kafin ya gane shi. Kaɗa hannu shi ke rage masa tashin hankali. Hasken fitila a ido, da tsawa, da hannun baƙo a jikinsa ba zato, a wurinsa zafi ne na gaske, kuma wanda ya ji zafi guduwa yake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin ƙiyasin cewa wajen yaro 1 cikin 100 ke da wannan larura. Ki auna da yawan mutanen Zinder, daga Birni zuwa Zango zuwa Garin Malam. Yaran nan suna girma, su yi gemu, larurar ba ta fita a fuska kamar makanta ko gurguntaka. Ƙaramin yaro in ya yi abin da ba a gane ba sai a ce ƙuruciya. Mai shekara 19 ba wanda zai yi masa wannan uzurin. Ba a nan kaɗai ba: a Amurka, a 2016, a jihar Fulorida, ɗan sanda ya harbi ma'aikacin da ke kula da wani mai otizim a ƙafa, a kan titi, bisa zaton bindiga ce a hannun mai larurar, alhali motar wasan yara ce. Can ma da suke da kayan aiki, rashin sanin wa ke gabanka ne ya jawo.

Saboda haka abin da nake ganin mafita shi ne kishiyar abin da Malam yake so: a san shi. Ɗanki ba zai iya yi wa kansa bayani ba a lokacin da bayani ya fi amfani, don tsoro na ƙwace masa ƴar maganar da yake da ita. Dole bayanin ya riga shi isa wurin, a takarda da kuma a bakin mutane. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganar ƙannensa mata kuwa, ki faɗa wa Malam cikin ladabi cewa unguwa ta riga ta san yaron. Abin da ba ta sani ba shi ne sunan abin da ke damunsa, shi ya sa kowa ke raɗa masa nasa, wannan ya ce iskoki, wancan ya ce taɓi, yanzu kuma an ƙara da ƙwaya. Wanne ya fi ɓata sunan gida, a ce wansu yana da larurar da likita ya sani, ko a ce wansu ɗan ƙwaya ne ya kwana a komisariya, wato ofishin ƴan sanda?

Ki fara da likita, kuma kada ki bari kumburin ya sace kafin ku je. Abu biyu za ki nema. Na farko takardar shaidar raunukan, da kwanan wata a jiki. Ko kun kai ƙara ko ba ku kai ba, a ajiye ta, a ɗauki hoto a ajiye tare. Na biyu takardar da ke cewa yana da otizim, da hatimi da sa hannu. Ta lokacin yana shekara bakwai, in ma tana nan, ta tsufa. Ku je Babban Asibitin Ƙasa na Zinder ku ce likitan da ke duba larurar ƙwaƙwalwa kuke son gani. Ki gaya masa rashin barcin da ɓuyan da yake yi. Kada kowa ya sayo masa maganin barci a hannun masu talla, ko da da kyakkyawar niyya. Ki kuma faɗa wa likita in ya taɓa yin farfaɗiya ko sumewa, don farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu otizim fiye da sauran mutane, kuma wannan abu ne da ya kamata a rubuta.

Daga takardar likita sai a fitar da ƙaramin kati, wanda bai wuce tafin hannu ba, a sa masa roba don gumi da ruwa. Hotonsa a sama, sunansa, sai layi huɗu ko biyar, ba fiye ba, don mai karantawa da fitila a tsaye zai karanta. Abin da zai ce: ina da larurar otizim, ba na amsa tambaya da sauri, ina maimaita magana, ba raini ba ne, kada a taɓa ni ba a gaya mini ba, a yi magana a hankali, mutum ɗaya, a kira wannan lamba. Lambobi biyu, na kamfanoni daban-daban, na mutanen da ba sa kashe waya da dare. Gefe ɗaya da Hausa, ɗaya gefen da Faransanci. Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, takardar ofis har yau da Faransanci ake karanta ta, kuma ma'aikacin da aka turo daga Doso ko Tilaberi wataƙila Hausarsa ta ciniki ce kawai. In likita ya yarda ya buga hatiminsa a katin, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Kada a rubuta kwatancen gida, sunan unguwa ya isa. In ba shi da katin ɗan ƙasa, a yi masa, ya riƙa yawo da kwafi, na ainihi ya zauna wurinki.

Inda za a sa katin ya fi abin da aka rubuta a ciki muhimmanci, kuma nan ne iyaye da yawa ke kuskure. Ba a aljihu ba. Saurayin da ma'aikaci ya ce wa tsaya cikin duhu, sannan ya zura hannu aljihu da sauri, ya sa kansa cikin haɗarin da ya fi na wancan daren. A rataya masa a wuya da igiya, kamar laya, cikin riga in kuna gudun ƴan tsokana, igiyar dai ta fito a gani. A kuma ɗinka lambar waya a cikin wuyan rigunan da ya fi sawa, don kati na faɗuwa.

Sai koyarwa, wadda ita ce mai cin lokaci. Abu uku kawai, kuma kada ki ƙara na huɗu: ya tsaya cak, ya buɗe tafukan hannu a gani, ya ce "takardata na wuyana". In jimlar ta yi masa tsawo, "takarda" ma ta isa. A tsakar gida za a fara, da rana, da wanda ya yarda da shi. Wansa ya tsaya nesa ya ce "Tsaya!" da murya ƙasa-ƙasa, shi ya tsaya, ya buɗe hannu, ya faɗi kalmar, a ba shi abin da yake so nan take, ko ƙosai ne ko kallon hoton tirela a waya. Gobe a maimaita daidai yadda aka yi yau, kalma ɗaya, tsari ɗaya. Wannan son maimaici da ke gajiyar da ku a gida, a nan shi ne ƙarfinku, don abin da ya zauna masa ba ya fita. In ya kama, sai a canza mai cewa tsaya: kawunsa, maƙwabci. Sai a koma bayan magariba. Fitila ce ta ƙarshe, kuma a ƙirji za a haska, ba a ido ba. Ranar da kika ga ya fara toshe kunne ko kaɗa jiki, a bari sai gobe. Yanzu da yake cikin firgici ma kada a fara; a bar shi ya sami barci tukuna. Ba na yi miki alkawarin cewa ranar da abin ya zo da gaske zai tuna. Wani lokaci tsoro na share komai. Shi ya sa ba a kansa kaɗai za a ɗora nauyin ba.

Ku koma komisariyar unguwarku da ƙafarku, da rana tsaka, ba ranar da ake da matsala ba. Na san abin da zuciyarki za ta ce. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Malam ya sa babbar rigarsa, mai unguwa ya raka ku tunda ya riga ya shiga maganar, ku nemi ganin shugaban wurin. Zuwan farko ban da yaron. Ku kai kwafin takardar likita da hoto da katin, ku ce: ga ɗanmu, ga hanyar da yake bi, ga lokacin da yake fita, in mutanenku sun gamu da shi ga lambarmu. Ku roƙi a nuna wa masu fita sintirin dare, don su ne ke haɗuwa da shi, ba mai zaune a ofis ba. In unguwarku tana gefen gari inda jandarma ko ƴan gardi ke zagayawa, su ma a kai musu.

Ku faɗa musu abin da ke aiki da shi, a taƙaice. Mutum ɗaya ya yi magana, sauran su ja baya. A kira sunansa, a yi tambaya ɗaya gajera, a ƙirga goma a zuci kafin a sake. Maimaita tambaya da ƙarfi mayar da shi farko take yi. A faɗi abin da za a yi kafin a yi: "Zan taɓa aljihunka." Kada a hana shi kaɗa hannu. In ya faɗi ƙasa yana ihu, a ba shi fili a kira ku, kuma ko kusa kada a danne shi rubda ciki a hau bayansa, don haka na toshe numfashi har ya kai ga rasa rai. Ma'aikaci mai hankali zai karɓi wannan, don shi ma ba ya son ya kwana da wanda bai san yadda zai yi da shi ba, gari ya waye ya zama abin magana. In kun dace da mai sauƙin kai, bayan wasu makonni ku roƙi ɗayansu ya gaisa da yaron daga nesa a ƙofar gida, ya kira sunansa, ya wuce. Da haka tsoron kakin ke raguwa.

Ba alfarma kawai kuke nema ba, kuma yana da kyau Malam ya shiga ofishin da sanin haka, ko da ba zai buga tebur ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008, kuma sashi na 13 na yarjejeniyar ya ambaci horar da ƴan sanda da ma'aikatan gidan kaso da sunansu. A cikin gida akwai dokar Disamban 2019 kan shigar da masu naƙasa cikin al'amuran jama'a. Abin da ke rubuce da abin da ke faruwa ƙarfe ɗayan dare a bakin kwalta, tsakaninsu akwai tafiya, na sani. Amma mai takarda a hannu ba kamar mai roƙo hannu sake ba ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarinki ba daren da ya wuce ba ne, wanda ka iya zuwa ne, ranar da aka yi sata a kusa kuma aka tarar da shi a wurin. Mutane irin ɗanki da yawa suna amsa "e" ga duk tambayar da aka yi musu da ƙarfi, ko su maimaita ƙarshen jimla. A ce masa, "Kai ka ɗauka, ko?" ya ce, "Ka ɗauka." A rubuta cewa ya amsa laifi. A Ingila, tun dokar 1984, ƙa'ida ita ce ba a yi wa mai irin wannan rauni tambayoyi a ofishin ƴan sanda sai da wani babba a gefensa mai lura da ko ya gane abin da ake tambayarsa. Ku abin da za ku riƙe: duk ranar da aka tsare shi, ku isa da takardar likita, ku nemi kada a yi masa tambaya sai ɗayanku na nan, kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan komai. Dokar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta ba lauya damar tsayawa wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Tsarewa a kan laifin yau da kullum awa 48 ce, ƙari sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. In ba ku da kuɗin lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimakon shari'a ga marasa ƙarfi, kuma masu naƙasa na cikin waɗanda take tsayawa wa. A babbar kotu ake tambayar ofishinta.

Ta nan ne kuma hanyar ƙara take, in kun ga dukan bai kamata ya wuce haka nan ba. Haƙƙinku ne, kuma ni ba zan ce ku yafe dole ba. Da takardar raunuka a hannu, za ku iya faɗa wa shugaban wurin baki da baki a zuwan nan, ko ku rubuta wa mai gabatar da ƙara. Ku auna da Malam. Facebook dai a'a. Ki gaya wa wansa fushinsa na kan hanya, amma hoton da ya saka yau ba zai iya janye shi ba, fuskar ƙaninsa ce a kumbure za ta yi ta yawo a wayoyin mutanen da za su yi dariya, shi mai fuskar ba a tambaye shi ba. Kuma ƙofar da kuke son buɗewa a komisariya za ta rufe. In yana son ya yi wa ƙaninsa aiki, ga aiki nan: shi ne mai koyarwar tsakar gida, kuma lambarsa ce ta farko a kati.

Akwai wani haɗarin da ba ki ambata ba, kuma a garin nan ya fi kaki saurin kisa. Saurayi na gudu, wani ya ce "Ɓarawo!" Wanda ya taɓa ganin yadda taro ke rufe mutum a wajen Kasuwar Dole ya san ba a tsayawa karanta kati. Maganin wannan mutanen hanyarsa ne. Wansa ya bi hanyar tare da shi, ya tsaya wurin mai shayi, da mai faci, da ƴan kabu-kabun da ke tsayawa a mahaɗa, da samarin da ke zaman hira a fada, da wani babba a tashar, ya ce: wannan ƙanina ne, ga halinsa, ga lambata. Murya ɗaya da za ta ce "Ku bar shi, ɗan gidan Malam wane ne, ba shi da lafiya" ta isa ta tsayar da taro. Da mai shayin kusa da inda aka toshe hanyar nan yana da lambarku, da ƙarfe tara kun je kun ɗauko shi.

Ki kuma nemi reshen ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, FNPH, ki tambaya ko akwai iyaye masu irin ɗanki. Kurame ma wannan matsalar suke sha: a ce musu tsaya daga baya ba su ji ba, a ɗaure musu hannu ta baya alhali da hannun suke magana. Iyaye goma da shugaban ƙungiya in suka nemi a zauna da ƴan sanda awa ɗaya, an fi saurin ba su kujera fiye da uwa ɗaya.

Fitarsa kuwa, a mayar masa da ita da zarar ya nuna yana so, amma da rakiya a makonnin farko, kuma a dawo kafin magariba. A koya masa hanya ta biyu zuwa gida, a bi ta da shi sau da yawa har ta zama tasa, don biki da zaman makoki ba za su daina toshe titi a Damagaram ba. Kuma ki sa a ranki ana yi wa ma'aikata canjin wurin aiki. Shugaban da kuka yi wa bayani bana wataƙila baɗi yana Tanut ko Magarya. In kun ji an kawo sabo, Malam ya sake ɗaukar takardun da sabon hoto, su koma da mai unguwa.